Gangare

Kafin in ga karen, farcensa nake ji:
ƙarr, shiru, ƙarr,
ƙafar baya tana rubutu a katakon falo
da wani ajamin da ba a koya mini ba.

Garin Todmorden, bakwai saura kwata,
yayyafi kamar an manta famfo a buɗe.
Na zo yi wa Mista Holroyd wanka,
in ƙirga masa ƙwayoyi, in ɗaure masa takalmi.
Takardar aikina mutum ɗaya ta ambata.
Ba ta ce akwai na biyu
da ke jan jiki ya zo ya tarbe ni ba.

Rufus sunansa. Ni a zuci Gangare nake ce masa,
don tun daga kafaɗa bayansa ya fara sauka
bai tsaya ba sai gindin wutsiya.
Gaba zaki, baya kwaɗo.
In ya taka, gwiwoyin baya su gaisa da juna,
ƙirji ya nufi ƙofa, ƙugu ya nufi bango.

A kan kanta akwai furen ƙyalle ja guda huɗu
da kofin azurfa, yanzu ma'ajiyar makullai.
“Wannan bayan ne ya ciyo su,” in ji tsohon.
“Alƙalin gasa har durƙusawa ya yi,
ya ce bai taɓa ganin zubi mai kyau haka ba.”
Sai ya shafa nasa kwatangwalon na ƙarfe.
“Ni na zaɓo uwar.
Ni na biya kuɗin uban.”

Ran Laraba likitar dabbobi
ta ɗaga hoton ƙashi a gaban fitila.
Ban yi wannan karatun ba, amma na san turmi.
Wannan ba shi da zurfi,
taɓarya sai zamewa take,
shekara bakwai tana dakan baki.

Na tuna Duna, karen kawuna a Ningi.
Ba takarda, ba wanda ya san ubansa,
kunne guda kaska ta cinye rabi,
amma baya miƙe kamar sandar makiyayi.
Ba wanda ya taɓa ce masa kyakkyawa.
Har ya tsufa zomo bai raina shi ba.

Ta tagar kicin ana hango tudu,
tumaki warwatse kamar an ɓarar da auduga.
Rufus ya miƙe kunnuwa.
Kakanninsa wuni suke suna kewaya garke,
sassarfa ɗaya daga hantsi har almuru.
Jini ya tuna,
ƙashi ya ce ba da ni ba.

Matakala uku ce a ƙofar baya.
Mako biyu ina kallonsa yana tsaye a kansu,
yana auna su kamar mai shirin tsallake rijiya,
ni kuma hannuwa a aljihu,
ni da aka rena a kan cewa in ka ga kare, canza hanya.

Yau dai na ɗauko tsohon tawul,
na zura ta ƙarƙashin cikinsa, na kama baki biyu, na ɗaga.
Ashe da nauyi.
Ashe da ɗumi.
Bai waiwayo ba, ya dai yarda,
irin yardar da tsohon ke yi
in na cicciɓe shi daga baho, ido a bango.
Ruwa na nan, sabulu na nan, zan wanke kafin azahar.

Muka sauka, mu uku,
ƙafa takwas, huɗu ne kawai abin dogaro:
biyu nawa, biyu na gabansa.
A bakin shinge ya tsaya, ya cika ƙirji,
ya yi haushi ɗaya tak.

Can kan tudu wata tunkiya ta ɗago kai.

“Ka gani ko, Sallau?” in ji tsohon. “Sun ji shi.”
Na ce na gani.
Hannuna ya fara sagewa,
ban saki tawul ɗin ba.